Mai Ƙahon da Na Ɓoye a Layi na Tara

Sallama gare ku, masu bin labarin nan, da waɗanda yau suka fara leƙowa. Wasu sun rubuto mini cewa ina ja musu rai, in faɗi abin da ya haɗa ni da Injiniya kawai. Ba jan rai ba ne, kunya ce. Sau uku ina rubuta wannan kashi ina gogewa. Yau dai zan faɗa, wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata hamsin da ɗaya. A aji huɗu na firamare na tsaya, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekara goma sha tara ina aiki a wani babban sito na kayan masarufi, layi goma sha biyu, kwali kan kwali har kusa da rufi. Da dako na fara, na koma gyaran fitila da fanka, a hankali duk wata waya da ke ginin ta dawo hannuna. Mai Tsani ake kirana, don da wuya ka gan ni babu tsani a kafaɗa. Matata ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙanta. 'Ya'ya sun yi aure sun watse. Ni da yayata muke zaune, ita ma mijinta ya rasu. Har yau Auta take ce mini, da furfurata da komai.

Aikin sito yanzu da sikana ake yi. Ma'aikaci ya haska lambar da ke jikin kwali, sikana ta yi ƙara, ta aika wa kwamfutar ofis ta waifai. In waifai ya yanke, ba lodi, ba sauke kaya. Akwatunan waifai ɗin ni na kafa su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara goma sha ɗaya. Baƙaƙe ne masu ƙaho biyu, shi ya sa muke ce musu masu ƙaho. Kowanne zaman kansa yake yi, da nasa saitin, ba ruwansa da ɗan'uwansa. In za a canza lambar sirri sai na bi su ɗai-ɗai da tsani da tsohuwar kwamfuta, kwana biyu cur. Turancin da ke kan allon ba karanta shi nake yi ba, wurin dannawa na haddace. Babu takarda, babu zane. Komai a kaina yake.

Ba zan yi muku ƙarya ba, suna da matsala. Mutum ya bar layi na uku ya shiga na huɗu, sikana ta ƙi sakin na baya, ta maƙale masa har ta mutu a hannu. Sai ka ji an ɗaga murya: "A kira Mai Tsani!" Ni kuwa ina jin daɗin kiran nan fiye da yadda ya kamata.

Sai masu kamfani suka ce za a canza komai. Aka ba wani kamfanin sadarwa aikin, su kuma suka turo ta, Injiniyar da nake faɗa.

Ranar da ta zo ina kan tsani ina gyaran fitila. Mace ce da za ta kusa arba'in, ba doguwa ba, da doguwar riga ruwan toka, ta ɗora rigar aiki mai sheƙi a kai, hular kwano a kan mayafi, takalmi mai ƙarfe a baki irin namu. Ba kwalliya, sai agogon maza a hannun dama. Ta ɗaga kai.

"Kai ne Mai Tsani?"

"Haka suke cewa."

"An ce in ba kai ba, babu wanda ya san inda wayoyin ginin nan suka bi."

"To ai kin zo ki raba ni da su."

Ba ta ji haushi ba. Murmushi ma ta yi. "Sauko mu yi magana, Malam, wuyana ya gaji. Su nawa ne duka?"

"In an sauke a ƙirga."

Taurin kai ne kawai ya sa na faɗi haka. Na san adadinsu kamar yadda na san 'ya'yana. Goma sha takwas ne.

Ta kai ni ɗan ɗakin nan mai ƙofar raga da ke bayan ofis, inda duk wayoyi suke haɗuwa. Ta nuna mini wani siririn akwati da aka ɗaure a kanta. "Wannan ita ce kwantirola. Naka kowanne da ra'ayinsa. Sababbin da za mu kafa kuwa duk daga nan suke karɓar umarni. Ka canza abu sau ɗaya, ya shiga duka. In sikana ta bar layi, wannan ya miƙa ta ga na gaba, ita ba ta ma sani ba."

"Ke nan ba a buƙatar tsani."

"Ana buƙatar wanda ya san ginin."

A raina na ce daɗin baki ne irin na 'yan boko. Amma washegari ta zo da littafi, ta ce in zaga da ita. Na nuna mata inda sabis ke mutuwa in an cika layi na bakwai da kwalayen ruwan kwalba, da inda rufi ke yoyo, da ginshiƙin da motar ɗaga kaya ta taɓa tsinke waya a jikinsa. Duk abin da na faɗa sai ta rubuta. Shekara goma sha tara, babu wanda ya taɓa rubuta maganata a takarda. Da na ce mata kada a fasa bango a gefen ƙofar lodi, akwai tsohon bututu a ciki da waya za ta bi, ta tsaya ta dube ni sosai.

"Malam, wa ya koya maka?"

"Faɗuwa daga tsani."

Ta yi dariya har ta dafa kanta. Tun daga ranar nan na lalace.

Da yamma saƙo ya shigo wayata: "Malam, na gode da yau. Ba don kai ba da mun fasa bango a banza." Na karanta shi ya fi sau ashirin. Na rubuta amsa doguwa, na goge. Na sake, na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne: "To."

A gida kuwa Yaya ta sa ni gaba. Falonmu ƙarami ne, kujera mai zaman mutum uku da ta lotsa a tsakiya, keken ɗinkinta a bakin taga, da fankar da nake gyara ta kowa ban gyara ba. Kullum na shigo tana zaune da tabarau a ƙarshen hanci, waya a hannu.

"Auta, zo ka ga wannan. Malamar asibiti ce, mijinta ya rasu, ga hankali."

"Yaya, na gaji."

"Kullum ka gaji. Wannan ce ta goma sha ɗaya da na nuna maka. Ni ba dawwama zan yi ba. In na mutu wa zai sani ko ka ci ko ba ka ci ba?"

"Ba yanzu za ki mutu ba, kina da sauran faɗa."

Ta sauke tabarau, ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi. "Tsaya. Tun yaushe ka fara goge rigar aiki? Kuma wannan ƙanshin fa? Turaren da 'yarka ta kawo maka bara ka ce na 'yan iska ne?"

"Zafi ake yi."

"Zafi. To Allah ya ƙara zafi."

Mako uku muka yi muna aikin, layi bayan layi. A kafa sababbi, farare masu kama da faranti, ni kuma in sauke masu ƙahona. Injiniya ta ce sunan waifai da lambar sirri ba za a canza su ba, don sikana sittin ne, ba za a bi su ɗai-ɗai ba. Sababbin za su amsa sunan tsofaffin, sikana ta shiga ba tare da ta san an yi canji ba. Ku riƙe wannan, don a nan na samu ƙofar ɓarna.

Da aka gama saukewa na jera mata su a ƙasa. Ta ƙirga. "Goma sha bakwai. Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na goma sha takwas yana cikin akwatin kayan aikina. Shi na fara kafawa a ginin. A lokacin na ce wa kaina don tunawa na ajiye.

Aiki kuwa ya yi kyau, ba zan ci amanar gaskiya ba. Dogo, direban motar ɗaga kaya, ya riƙa zagaye sito daga farko har ƙarshe da sikana a hannu yana ihu: "Ba ta yanke ba! Baba Mai Tsani, ka sayar da tsanin nan ka sayi kujera!" Kowa ya yi dariya. Kwana huɗu babu wanda ya kira ni.

Ranar Laraba ta same ni ina naɗe waya. "Gobe Manaja zai sa hannu a takardar kammala aiki, Malam. Daga nan an tura ni wani aiki, nesa da nan. In wani abu ya taso, daga ofis ma ina iya gani."

"Ke nan ba za ki dawo ba."

"In komai lafiya, me zai dawo da ni?"

Namijin kirki a nan zai buɗe baki ya yi magana. Ni da ake cewa ba na tauna magana, ni da na taɓa gaya wa Manaja a gaban mutane cewa lissafinsa na banza ne, sai na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Washegari na riga kowa zuwa. Na sa mai ƙahon a cikin kwali marar komai, na hau da shi can saman layi na tara, na tura shi bayan kwalayen da ba a taɓawa. Wayar sadarwa ban sa masa ba, wuta kawai na ja masa daga layin wata tsohuwar fanka da ta daɗe da mutuwa. Makunnin fankar yana jikin ginshiƙi, daidai ƙugu. In na wuce na taɓa shi da yatsa, mai ƙaho ya farka, ya fara kiran sunan da sikana suka sani. Da yake ya fi kusa da su, sai su saki faranti su kama shi. Sabis cike a fuskar sikana, amma babu hanyar zuwa ofis. Aiki ya tsaya cak.

Ƙarfe goma na taɓa shi. Ba a yi minti biyar ba na ji abin da na yi kewarsa: "A kira Mai Tsani!" Na zo na ɗaga kafaɗa, na ce wannan sabon tsari ne, sai mai shi. Manaja ya fasa sa hannu. Kafin ta ƙaraso daga ofis na kashe.

Ta yini a layi na tara da kwamfuta a hannu, ni ina biye da ita da tsani. Ta canza farantin wurin, ta canza waya. Da rana muka zauna a kan kwalaye, ta zuba mini shayi daga fulas ɗinta a murfi. Ta ba ni labarin yadda ta sha wahala kafin a fara ba ta aiki ita kaɗai, yadda a kamfaninsu har yau in abu ya lalace ita ake fara kallo. Ina jin ta, ina kurɓar shayinta, makunnin yana bayana taku uku. Ko a lokacin kunya ta taɓa ni, amma daɗin zaman ya fi ƙarfinta.

Bayan kwana uku na sake. Ta dawo. Na kuma sakewa. Ta dawo. A zuwa na uku idonta ya faɗa, ba ta kawo fulas ba. Na ce wa kaina gajiya ce.

Na huɗun shi ne ya kashe ni. Safiyar Litinin ce, ban duba allon lodi ba. Ashe tirela uku ne a ƙofa, kuma rabin kayansu a layi na tara yake. Na taɓa makunni, sai aka kira ni can ƙofar baya, injin ƙofa ya maƙale. Na yi fiye da awa ɗaya a can. Kafin in dawo in kashe, sito ya rikice. Direbobi na zage-zage, leburori sun zauna a kan kaya, wani mai kaya ya janye motarsa ya tafi.

Tana shigowa Manaja ya tare ta a tsakiyar fili, gaban mutum ya fi talatin.

"Ke! Wannan shi ne aikin da aka ce kin iya?"

"Yallaɓai, ka ba ni minti goma in duba..."

"Mako biyu kina dubawa! Tun farko na ce su turo mini namiji wanda ya san aiki, suka turo mini mai yawo da littafi." Ya kira shugabanta, ya buɗe murya kowa na ji. Shugaban bai kare ta ba ko da kalma ɗaya. Ya ce a yi haƙuri, in zuwa gobe da azahar ba ta gano ba, zai cire ta daga aikin, kuma za su zauna a kan maganarta.

Sai Manaja ya juyo ya nuna ni. "Ga mutumin da bai gama firamare ba. Shekara goma sha ɗaya kayansa ba su taɓa yi mana haka ba. Ko ƙarya na yi, Mai Tsani?"

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo. Ita kuwa tana tsaye, hannunta riƙe da igiyar jaka, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba.

Da aka watse ta ce, "Malam, zo."

Muka shiga ɗakin raga. Ta ja ƙofa, ta buɗe kwamfuta, ta juyo mini da allon. Na ce mata ta san ba na karanta Turanci.

"Lamba kana karantawa. Duba nan. Farantan nan ba magana kawai suke yi ba, suna saurare. Duk wani baƙon akwati da ya yi motsi a ginin nan, sai sun gaya wa kwantirola, ita kuma ta rubuta. Ga shi: Alhamis, goma zuwa goma da kwata. Lahadi. Laraba. Yau. Farantan layi na takwas da na tara da na goma ne suka fi jin sa, ke nan yana tsakiya, a sama. Ga lambarsa. Farkonta iri ɗaya ne da na goma sha bakwai ɗin da ka jera mini."

Ta ɗago kai daga allon ta ci gaba.

"Ranar farko na ɗauka daga siton maƙwabta yake. A ta biyu na gane."

"Tun ta biyu?"

"Tun ta biyu. Mutum ɗaya ne a ginin nan yake da tsanin da ya kai can."

"Me ya sa ba ki faɗa ba? Yau ma, da yana zaginki?"

"In na faɗa, shekararka goma sha tara ta tafi a minti ɗaya. Na yi ta jira ka sauke shi da kanka. Na ce mutumin da ya hana ni fasa bango ba zai bari a fasa ni ba." Ta rufe kwamfutar a hankali. "Gobe zan ce na gano wani tsohon akwati da ban ƙirga ba, sakacina ne. Za su rubuta mini takardar gargaɗi, wataƙila su daina ba ni aiki ni kaɗai. Zan ɗauka. Kai dai ka cire shi kafin a buɗe sito, kada kowa ya gani. Ba na son in ji dalili."

Ta fita ta bar ni da ƙarar fankar kwantirola.

Ga hanya ta buɗe mini, a share. In cire abina, in yi shiru, aikina na nan, girmana na nan. Kuma kada in yi muku ƙarya, na yi tunanin bi. Har na tsara yadda zan sa shi a jaka in wuce mai gadi.

Na isa gida rana ba ta faɗi ba. Yaya na kan keke tana ɗinki. Ta ga fuskata ta ɗage ƙafa.

"Wa ya mutu?"

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, abin da rabona da yi tun ina yaro, na gaya mata komai. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire tabarau ta ajiye a kan keken.

"Auta, shekara hamsin da ɗaya. Kana da baki ka gaya wa mai gidan haya rufinsa na banza ne, kana da baki ka kori mata goma sha ɗaya da ko ganinsu ba ka yi ba. Amma ka ce wa mace ɗaya kina burge ni, sai ka hau sama ka ɓoye a kwali kamar ɓera?"

"Yaya, ya isa."

"Bai isa ba. 'Yar mutane ta tsaya an wanke ta tas a gaban 'yan dako saboda kai, ta kuma ce za ta ɗauki laifinka. Da 'yarka aka yi wa haka, da yanzu kana ofishin 'yan sanda an riƙe ka."

"In na faɗa, korata za su yi."

"To su kore ka mana. Keken nan ya ciyar da mu a da. Amma in ka bar ta ta ɗauka, kada ka ƙara zama a kujerar nan ka ce mini kai mai faɗin gaskiya ne."

Washegari ban je da wuri ba. Na jira har aka buɗe, kowa ya hallara, Manaja ya fito zagaye, ita ma ta iso da jakarta. Na ɗauki dogon tsani na ce, "Yallaɓai, biyo ni. Ku ma ku zo."

Na jingina shi a layi na tara. Ban taɓa jin tsani ya yi mini tsawo irin na ranar nan ba. Na jawo kwalin, na sauko, na buɗe shi a gaban Manaja, ƙaho biyu a tsaye, waya na reto. Na je jikin ginshiƙi na nuna makunnin.

"Wannan ne yake kashe sikana. Ni na ɓoye shi, ni nake kunnawa. Sau huɗu. Aikinta ba shi da aibi ko ɗaya. Abin da ka faɗa mata jiya, ni ya kamata ka faɗa wa."

Har Dogo ya kashe motarsa.

Manaja ya dubi kwalin, ya dube ni. "Kai? Don me? Tsoron za a sallame ka?"

Ga amsa ya miƙo mini da kansa, kuma rabinta gaskiya ce. Da na ce e, da an tsaya a nan. Amma na kwana da niyyar ba zan ƙara ɓoye komai ba, kuma ni in na ɗauko gaskiya ba na sanin inda ake tsayawa.

"Don ta riƙa dawowa," na ce. "In aikin ya ƙare ba zan ƙara ganinta ba."

Wani daga baya ya ce, "Kai!" Wani ya fashe da dariya, sai ta bazu. Dogo ya dafe kai: "Baba Mai Tsani, ashe sabis ɗin zuciya ne ya yanke!" Aka ƙara tuntsirewa.

Sai a lokacin na dube ta. Jiya da ake zaginta ba ta sunkuyar da kai ba. Yau ta sunkuyar. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. A nan na gane abin da na yi: na cire ta daga bakin Manaja na jefa ta a bakin mutum talatin. Duk siton da ta shiga nan gaba, labarin zai riga ta isa.

Manaja ya daka tsawa aka yi shiru. Ya miƙo hannu. "Makullai." Na ciro su daga ƙugu, guda goma sha huɗu a zobe ɗaya, na ba shi. Ya ce in tafi gida sai masu kamfani sun yanke hukunci. Sannan ya juya wajenta, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ta yi haƙuri da maganar jiya, zai kira shugabanta yanzu a gabanta. Ya sa hannu a takardar a kan kwalin nan nawa.

Ta karɓa, ta ninke, ta sa a jaka. Ta wuce ta gabana har gefen rigarta ya taɓa tsanin. Ko kallo.

Kwana biyu ina gida. Na gyara fankar falo, na gyara famfo, na gyara abin da bai lalace ba. Yaya ba ta ƙara nuna mini hoton kowa ba. Sau biyar na rubuta "Ki yafe mini" ban tura ba, don na ga kalma uku ba za su ɗauki abin ba.

Yau da hantsi ina zaune a bakin ƙofa wayata ta yi ƙara. Ita ce.

"Malam, shugabana ya janye maganarsa, an bar mini aikina. Wannan ka kyauta. Amma ka mai da ni abin dariya, direbobinmu ma sun ji. Ban ce na yafe ba. Na gaya wa mahaifiyata komai, da ita nake zaune. Ta ce mutumin da ya iya faɗin wannan magana a gaban 'yan dako talatin, ya zo ranar Asabar ya maimaita ta a gabanta, ta ga idonsa. Ni ba na ce ka zo ba. Saƙonta na isar."

Na karanta sau uku. Na miƙa wa Yaya, ta karanta, ta miƙo mini, ta tashi ta jona dutsen guga.

Ba ni da aiki, ba ni da makulli, ban san ko tsohuwar nan kirana take ta wanke ni ta kore ni ba. In ma hakan ne, da gaskiyarta. Na goge zufar hannuna a wando na rubuta:

"Ƙarfe nawa?"